Abin da Ba a Shanyawa a Rana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau daga Safana nake rubuto muku, ina zaune a kan kwalin takarda a cikin shagon da ko allon suna ba a kafa masa ba. Tun safe ban sa komai a bakina ba. Bari in bi muku abin daki-daki, ko zuciyata ta ɗan sauka.

Wanda bai san ni ba, sunana Armaya'u. Ni nake kula da injinan fotokofi a shagon Malam Badamasi na Batsari, shekara huɗu ke nan, tun da muka baro Karare ni da mahaifiyata lokacin da zuwa gona ya koma sai ka yi bankwana da gida kafin ka fita. Karatuna bai yi nisa ba. Abin da na iya shi ne lallaɓa inji. Abin da nake so kuma shi ne Zulaihat, ɗiyar Malam ta biyu.

Malam ma'aikacin ilimi ne, kuma an yi masa canjin wurin aiki zuwa Safana. Tun da man fetur ya tashi, albashinsa ba ya ganin tsakiyar wata, shagon nan shi ke riƙe da tukunyar gidan. Don haka inda Malam ya tafi, dole shago ya bi shi. Injinan fotokofi biyu ne. Akwai babba da nake kira Tsohuwa, don sai ta yi gunaguni na minti biyar da safe kafin ta yarda ta yi aiki. Akwai ƙarama, Auta. Sai firinta biyu da janareta.

Ranar Talata Malam ya shigo shago, ya jawo benci, ya ce in zauna. Ban taɓa zama a benci ɗaya da shi ba, sai na tsuguna.

"Armaya'u, na san abin da ke kai ka zaurena duk Juma'a. Ba gaisuwa kaɗai ba ce."

Na kafa wa silifas ɗina ido kamar yau na fara ganin su.

"Uwarta tana da nata ra'ayin, ka sani. Ni kuma ga nawa. Litinin mai zuwa shugabannin makarantu uku za su kawo mani takardun jarrabawa a Safana, na riga na amsa masu. Ka kai mani injinan nan lafiya. Ranar da Tsohuwa ta tofo takarda mai kyau a Safana, ka ce wa kawunka ya zo mu gaisa."

'Yan uwa, na miƙe ina ta godiya. Shekara biyu ina jiran wannan maganar.

Ra'ayin uwar da ya ambata kuwa, sunansa Tayyib. Ɗan yayan Inna Lami ne, wato mahaifiyar Zulaihat. Yana da a-kori-kura fara, yana jigilar gero da gyaɗa, yana da agogo mai sarƙa da ya ɗan yi masa yawa. Duk zuwan da zai yi gidan sai ya sauke wani abu, ko rake ko kankana. Ni kuwa in na je, daga ni sai hular kaina. Inna Lami ba ta taɓa zagina ba. Amsa gaisuwata kawai take yi tana kallon wani wuri.

Kuma ku ji yadda Allah ya tsara abinsa: duk direbobin da na tuntuɓa, da sun ji an ce Safana sai su girgiza kai. Motar Tayyib ce kaɗai za ta ɗauki injinan.

Ban yi wasa da shirin ba. Na samu bayan takardar da ta lalace na rubuta komai. Na auna faɗin Tsohuwa da igiya na yi ƙulli, ranar Laraba na hau kabu-kabu har Safana na gwada igiyar a ƙofar sabon shagon. Ƙofar ta gaza da yatsa huɗu. Na rubuta: a kwance ƙyauren, a cire akwatin takarda na gefe. Na rubuta lokacin tashi: da hantsi, a bayan motocin fasinja, kada mu zama na farko a hanya, kada kuma azahar ta same mu a gefen daji. Na roƙi tsohuwar katifa da tayoyi biyu da za a shimfiɗa a ƙasan mota. Na zare robobin tona, wato garin tawadar nan baƙi, na ƙulle su a leda uku-uku. A saman takardar kuma na rubuta da manyan baƙaƙe: A TSAYE ZA SU TAFI. Inji in ka kwantar da shi, ragowar garin nan sai ya bi duk cikinsa, madubansa su goce, ka gama da shi.

Ranar Alhamis Tayyib ya zo duba kaya. Ya ƙwanƙwasa Tsohuwa da makullin mota.

"Injiniya! Wannan firjin ne kake ta yi wa tanadi kamar za a kai amarya?"

"Don Allah kada ka buga ta."

"Mi za ta yi, kuka? Ni fa na ɗauki shanu a motar nan, na ɗauki mai naƙuda. Kwantar da ita za mu yi, mu ɗora buhu huɗu a kai, tafiya ta yi daɗi."

"Ba a kwantar da ita."

Ya ɗauki takardar shirina ya karanta da ƙarfi, yana jan kalmomin. "A kwan-ce ƙyau-re. Kai, Gwaggo ta ce kai da injin nan har hira kuke yi. Ashe da gaske ne."

Gaskiya ne, muna yi.

To, yanzu ga inda abin ya fito. A cikin kowane inji akwai wani abu da muke kira diram. Kamar guntun taɓarya yake, kore shar, mai santsi kamar madubi. Shi ke ɗaukar hoton rubutu ya manna a takarda, kuma da haske yake aiki, ɗan kaɗan, a cikin duhun inji. Saboda haka ba ya son rana ko kaɗan. Ba ya son ruwa, ba ya son ko zanen yatsa. Na ga hanyar Safana da ramukanta, na ga hannun Tayyib, sai na ce a'a. Zan zare diram biyun, in riƙe su a ƙirjina har mu isa. Na naɗe su a tsofaffin takardu na sa a kwali. Shagon kuwa an riga an cire masa labule da ƙarfen taga, sai na ga babu inda ya fi ɗakin gidan Malam aminci.

Ranar Juma'a bayan la'asar na yi sallama a zaure. Ta fito cikin atamfa ruwan goro mai zanen ganye, da hijabi baƙi har gwiwa, tana ƙanshin turaren wuta. Akwai ɗan gari a gefen hancinta, tankaɗe take yi.

"Yaya Armaya'u, yau kuma da tsaraba? Lallai za a yi ruwa."

"Ba tsaraba ba ce. Ajiya ce."

"Na sani ai. Ranar da ka kawo mani tsaraba sai na suma." Ta karɓi kwalin ta jijjiga.

"Kada ki girgiza!"

"Tuba nake. 'Ya'yanka ne a ciki?" Ta rage murya. "Baba ya faɗa mani abin da ya ce maka. Ka ce wa kawu ya wanke babbar rigarsa."

Daga nan duk abin da na shirya faɗa ya tashi daga kaina. Na buɗe baki zan ce mata kada a buɗe, kada ya ga haske, sai muryar Inna Lami ta taso daga ciki.

"Zulai! Tankaɗen zai yi kansa ne?"

"Ki adana mani," abin da na iya cewa ke nan. Ta yi mani gwalo ta shige.

Ina fita na tuna. Na tsaya a bakin masallaci na rubuta mata: "Don Allah kada a buɗe kwalin. Abin ciki ba ya son rana, ba ya son ruwa. A bar shi a ƙarƙashin gado." Saƙon ya tsaya da alama ɗaya. Na ce ai data ce ba ta kunna ba, za ta gani. Me ya hana ni komawa in sake sallama? Kunya. Kunyar kada Inna Lami ta ce yaron nan ya cika zarya. Ku dubi abin da kunyar minti ɗaya ta jawo mani.

Kun san matanmu. Ba sa shiga sabon gida da dauɗar tsoho. Ranar Asabar maƙwabta suka taru a gidan Malam tun da safe, aka ɗora ruwan zafi, aka fito da kwanuka da tukwane da kuloli, har murfin randa da ƙafar gado. Duk abin da aka wanke sai a jera shi a tabarma a rana.

Ni ina shago ina ɗaure firinta, ana gab da kiran azahar, sai wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Zulaihat. Ga kwanukan silba reras a tsakar gida suna walƙiya. A tsakiyarsu, tsakanin ludayi da matankaɗi, ga diram biyu kwance, rana na dukansu.

A ƙasa ta rubuta: "Ka ga yadda muka yi wa 'ya'yanka wanka? Har ƙyalli suke. Ka biya ni."

A daidai lokacin na ga saƙona na jiya ya koma alama biyu. Yanzu ta kunna data.

Sai ga wani: "Innalillahi."

Sai wani: "Yaya yanzu na gani."

Sai wani: "Tun hantsi suke."

Ban san lokacin da na fita ba, ko takalmi ɗaya ban saka ba. Na isa zaure, ga gida cike da matan aure, ba damar shiga. Na tsaya ina ta kwaɗa sallama kamar mai neman wuta. Ta fito da gudu, ta naɗe su a hijabinta, idonta jawur.

"Inna ce ta buɗe," ta ce. "Ta ga baƙin gari a jikinsu, ta ce wannan ƙazantar ba za ta bi mu Safana ba. Ta ɗauki ƙaramin ta dirje da soson ƙarfe da ruwan zafi. Ni na karɓe babban na ce ni zan yi, tsumma kawai na sa masa. Wallahi daɗi nake ji, na ce yau zan burge ka."

Na leƙa cikin hijabin. Na Auta duk ya yi zane-zane kamar bayan tukunya. Na Tsohuwa ba ƙwarzane, amma da zafi kamar an ciro shi daga murhu.

"Ka yi magana mana. Ka zage ni ma."

"Ba komai," na ce. Ban san wa nake yi wa ƙarya ba, ita ko ni.

Na kai na Tsohuwa gidanmu tukuna, na sa shi cikin tsohuwar randar mahaifiyata da ta tsage ba a zuba mata ruwa, na rufe da faifai, na ɗora bargo. Sannan na kira Salmanu a Katsina, wanda ya koya mani aikin. Ya saurare ni har na gama.

"Soson ƙarfe ka ce?"

"Eh."

"Wannan ka yi masa salla kawai. Ɗayan fa, awa nawa?"

"Zai kai uku."

Ya ja tsaki mai tsawo. "Ka bar shi a duhu kwana biyu. Kada ka leƙa, ko da tocila. Wani yakan farfaɗo, wani ba ya yi. Ni ba zan yi maka alkawari ba."

"Sabo fa?"

"Irin na Tsohuwarka? Sai an nemo daga Kano, sati biyu in an yi sa'a. Farashin kuma kada ka sa in ɓata maka rai."

Litinin saura kwana biyu.

Zuciya ba ta yarda sai ta gani. Na koma shago na mayar wa Auta diram ɗinta da robar tona, na tayar da janareta da ɗan man da Malam ya ce a ajiye don Safana. Na ɗora takarda na danna. Ta fito baƙa ƙirin, da fararen layuka kamar an ja ta a kan ƙaya. Na sake. Haka. Ina riƙe da ta uku Malam ya shigo, ƙarar janareta ce ta jawo shi daga masallaci. Tayyib na bayansa, ya zo kawo igiyoyi.

Malam ya karɓi takardar ya juya ta gaba da baya. Na faɗa masa diram ne. Ya ce, "Wanda ka kai ajiya gidana?" Na ce eh. Ya ce, "Mu je."

A zaure ya tsaya ya ɗaga murya. "Lami! Zulaihat!"

Suka zo bayan labule. Zulaihat ta leƙo rabin fuska. Inna Lami ba ta fito ba, hannunta kawai nake gani riƙe da gefen labulen.

"Wa ya taɓa kwalin da yaron nan ya kawo?"

Zulaihat ta waiwaya wajen uwarta.

Sai idona ya sauka a kan hannun nan. Garin tona in ya haɗu da ruwan zafi narkewa yake ya kama fata, sabulu ba ya fitar da shi. Faratan Inna Lami biyar baƙi ƙirin.

'Yan uwa, ku gaya mani. Matar da nake fatan in durƙusa in gaishe ta a matsayin suruka har ƙarshen rayuwata, in nuna ta da yatsa a gaban mijinta da ɗan yayanta, in ce ita ta kashe abin da gidan ke ci da shi? Ita fa tsabta ta yi. Ba wanda ya gaya mata. Wanda ya kamata ya gaya mata yana bakin masallaci yana jin kunya.

"Ba wanda ya taɓa, Malam," na ce. "Ni ne. Na manta su a bakin shago a rana kafin in kawo. Ƙaramin kuma na goge shi da tsumma, ashe da yashi a jiki."

Malam ya juyo gaba ɗaya. "Kai? Kai da ka taɓa riƙe mani hannu don zan buɗe inji alhali taga tana buɗe?"

"Ni ne."

"Baba, wallahi…" Zulaihat ta fara.

"Shige ciki," in ji Inna Lami, can ƙasa-ƙasa.

Tayyib ya tafa hannu. "Injiniya! Duk takardar nan da igiya da ƙulli? Ai da ka bar mani na ɗora masu buhun."

Malam ya daɗe yana kallona. Da ya yi faɗa da ya fi mani sauƙi. Ya miƙo tafin hannu.

"Makulli."

Na zaro su daga aljihu. Shekara huɗu suna tare da ni, har sun huda aljihun riguna biyu.

"Gobe ba sai ka zo ba."

A gida mahaifiyata ta ajiye mani tuwo bayan magariba, ban taɓa ba. Ba ta tambaye ni komai ba, ta dai kalli randar da bargo a kai, ta kalle ni.

"Armaya'u, mu da muka bar gona da rumbu muka fito da tabarma ɗaya, ba mu mutu ba. Ka ci abinci."

Waya ta dinga ƙara, saƙonnin Zulaihat ne.

"Wa ya aike ka?"

"Ni na shanya, ni zan faɗa."

"Ka ɗauka burge ni ka yi? Ka jefar da mu ne gaba ɗaya."

Na rubuta: "In kika faɗa, sai an tambayi wa ya buɗe kwalin. Ki rufa wa Inna asiri."

"Ita ta rufa maka?"

"Ba ciniki muke ba, Zulaihat."

Ta daɗe tana rubutu tana gogewa. Can sai ga shi: "Tana ɗaki tun ɗazu tana dirzar hannu da toka da lemun tsami. Ya ƙi fita. Ta tambaye ni mene ne abin, na faɗa mata duka. Har maganar duhun."

Na kife wayar a kan tabarma. Gobe za a tafi da ita Safana a bas, biye da motar Tayyib, ni kuma ko aikin da zan ce ina da shi babu.

Da safe na ce, ko ba komai diram ɗin ba nawa ba ne, sai in mayar. Na lulluɓa bargo na zura hannu cikin randa ba tare da na kalla ba, na naɗe shi yadda yake cikin hijabin, na sa a ƙarƙashin riga. Niyyata in miƙa wa Malam in juyo.

Na tarar an gama loda kayan gida. Ƙaramar bas ɗin da za ta ɗauki iyali tana tsaye a bayan a-kori-kura a ƙofar shago, don tare za a tafi. 'Yan dako huɗu sun fito da Tsohuwa suna nishi. Katifar da na roƙo tana jingine a bango, ba wanda ya kula ta. Takardar shirina na ƙasa, da sawun takalmi a kanta.

"Ku kwantar da ita ta gefe!" in ji Tayyib. "Ga buhuna na jira."

Suka fara karkata ta.

Ni ban iya ihu ba. Mahaifiyata ta ce ko ina jariri sai an kasa kunne ake jin kukana. Amma ranar, har masu shayi na tsallaken titi sai da suka miƙe.

"KADA KU KWANTAR DA ITA!"

Na ruga na tara kafaɗata a ƙarƙashinta, hannu ɗaya na dafe da cikina inda diram yake. Nauyinta ya sauko mani a wuya.

"Kai, ba an sallame ka ba?" in ji Tayyib. "Kawu, ka ga mutumin naka."

"An sallame ni," na ce, numfashina na fita da ƙyar. "Ku tayar da ita tsaye, sai in tafi."

Malam na tsaye da hannu a baya. Sai na ji an ja ƙofar bas. Inna Lami ce ta sauko, da mayafinta ruwan toka, tana tafiya a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Ta zo har gaban Malam, a bainar jama'a, ita da ko a zaure ba ta cika tsayawa ba.

"Malam, in yi magana?"

"Ina ji."

Ta fito da hannuwanta daga mayafi ta buɗe su. "Wannan ba lalle ba ne."



"Ni na buɗe kwalin. Ni na dirje ƙaramin, ni na ce a shanya su da kwanuka. Yaron nan ajiya ya kawo, bai ce a wanke ba. Jiya ya ɗauki abin da ba nasa ba, ni kuma na tsaya a bayan labule na bar shi. Ban runtsa ba."

"Na gani tun jiya da kika miƙo mani tuwo," in ji Malam. "Jira nake in ji daga bakin wa zai fito."

"Gwaggo, ai ba sai kin…" Tayyib ya fara.

"Kai kuma tayar da injin nan. Buhun gero ne? Ba ka ga zai karya masa wuya ba?"

Aka tayar da Tsohuwa. Aka shimfiɗa katifa da tayoyi, aka ɗora ta a tsaye, Auta a gefenta. Ni na ɗaure igiyar da kaina.

Inna Lami ta koma bas ta buɗe jakarta, ta dawo da wani zane baƙi mai kauri, irin saƙin da ba a fitowa da shi sai da dalili. Ta nuna inda na dafe a ƙarƙashin rigata, ta miƙo mani. Karo na farko ke nan da ta kalli fuskata.

"An ce duhu yake so. Hijabin Zulai shara-shara ne. Ƙara da wannan."

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu.

Malam ya matso. "Ƙaryar da ka yi mani a zaurena, za mu zauna a kanta, ban yafe ba tukuna. Maganata kuma tana nan yadda na faɗe ta, ban ƙara ba, ban rage ba. Sai Tsohuwa ta tofo takarda mai kyau." Ya jefo mani makullan. "Hau ka riƙe ta."

Haka muka taho. Ina bayan mota, na jingina bayana da Tsohuwa, diram na kan cinyata cikin zanen Inna. Duk ramin da Tayyib ya faɗa, kuma na rantse wasu da gangan ne, sai in ɗaga shi sama kamar jariri. Da muka zo gefen daji ba ka jin komai sai ƙarar injin mota da salatin wani ɗan dako. Allah ya raba mu da mugun gani. Kafin azahar muna Safana. Aka kwance ƙyaure, aka cire akwatin gefe, Tsohuwa ta shige da ragowar yatsa ɗaya, daidai yadda igiyata ta ce.

Yanzu tana nan a kusurwa, a tsaye, cikinta babu komai. Auta ta zama sai kallo. Diram yana cikin kwali, kwalin yana cikin buhu, buhun yana ƙarƙashin tebur. Gobe da ƙarfe tara shugabannin makarantu za su zo da takardunsu. Man da ya rage a janareta ba zai ba ni damar gwaji da yawa ba.

Ɗazu wayata ta yi ƙara. Zulaihat ce.

"Inna ta ce in tambaye ka. Wai kawun naka yana cin yaji?"

Na karanta ya fi sau goma. Na rubuta eh, na goge. Na rubuta sai abin da Tsohuwa ta ce, na goge. Hannuna ya kai bakin buhun nan sau uku, ina so in ɗaga gefen zanen ko da faɗin farce ne, in ga ko koren yana nan yadda na san shi.

Salmanu ya ce kada in leƙa.

Ban leƙa ba.